Yadda muryar mahaifiyata ta isa Lau

Shekarun baya, washegarin da muka binne mahaifiyata, dangi suka cika gidanmu na Mayo Gwoi, kowa na ɗaure kaya. Sai na yi subul da baka na ce ina da bidiyonta a waya, tana jan waƙa a zumuntar mata. Kafin in rufe baki an kewaye ni da wayoyi.

Wadda ta fi damuna ita ce Inna, yayar mahaifiyata. A wani ƙauye bayan Lau take, inda babu netwok, kuma motarsu ta kusa cika a tasha. In ta tafi ba ta samu ba, sai wani ikon Allah.

Na buɗe manhajar turi, kowa ya haɗa da wayata lokaci guda. Bidiyon babba ne, sai komai ya tsaya cak. Kawu ya ce, "Kai, a bi girma. Ni ne babba, ka fara da ni." Wayarsa kuwa ta girmi wasu jikokinsa.

To, ni ɗan wahalar sauke darussa ne tun ina makaranta, na sha zura wa manhajar raba fayil ido. Ba ta kula kowa a lokaci ɗaya. Takan zaɓi 'yan kaɗan masu sauri ta fara ba su, duk wanda ya samu kuma ya miƙa wa na gaba. Na ce yau da mutane zan yi haka.

Na katse kowa, na tura wa ƙannena mata biyu masu sababbin wayoyi. Na ce wadda ta gama ta tura wa wasu biyu, ni kuma na koma kan wayar Inna ita kaɗai.

Kawu ya ɓata rai. "Yara ne za su ba ni muryar ƙanwata?"

Na ce, "Kawu, yi haƙuri. Ta hannunsu zai fi saurin zuwa maka."

Bai gama mita ba wayarsa ta yi ƙara, bidiyon ya shigo. Ta Inna ce ta ja mu har tasha, ina gudu a gefenta da wayoyi biyu a hannu. Direba na ta hon lokacin da turin ya kammala. Ta kara wayar a kunne, ta yi dariya hawaye na zuba. "Ji ta! Kullum a baiti na biyu waƙar take ɓace mata."

Bayan shekara biyu wayata ta faɗa ruwa, komai ya tafi. Na yi baƙin ciki sosai, don na ɗauka na rasa muryar. Tun daga nan ba na yarda abu mai daraja ya zauna a hannu ɗaya. Bidiyon da nake kallo yau, daga tsohuwar wayar Inna aka turo mini shi.