Gero a Kan Wufa

Ƙaurin dalma ne ya tuno min da kai yau, Baba, kai da ka koya min wannan sana'a. Amfilifayar ƙara sauti da na haɗa don bikin ƙanwata ta sake ƙonewa. Gobe ne kamu, kuma da bakina na ce a gida kada a ɗauko kayan sautin kowa.

A shagonka na Madabo ba ka sallamar aiki sai ka kwantar da wufa, babbar sifikar nan, ka watsa mata gero, ka murɗa sauti, ka zuba wa ƙwayoyin ido. Ranar da na kawo maka amfilifayata ta farko, wadda na harhaɗa da kayan tsofaffin rediyo, geron ya tarwatse har ƙasa. Ka ɗora tafin hannu a ƙarfen bayanta, ka janye da sauri.

Ka ce, "Ɗana, ba arha ke kashe ta ba, zafi ne. Je ka sake."

Yau ma da na gyara ta na watsa geron, Baba, yana ta tsalle, na kasa gane abin da yake faɗa. Wa zai ce min in sake, kuma ta ina?

Allah ya sanyaya makwancinka. Ni kuma ya ara min tafin hannunka zuwa gobe.