Ƙwayar Yashi a Soson Madubi

Ɗan gwaggona ne, kuma tun muna yara muke tsokanar juna. Sunansa na yanka ya ɓace tun shekarar da ya fara riƙe injin goge mota. Kowa Madubi yake ce masa, har Gwaggo da ta haife shi. Ni kuwa Rediyo yake kirana, wai an ƙera ni aka manta da wurin kashewa.

In Madubi ya goge maka mota, zakara sai ya wuni yana dambe da kansa a jikin ƙofa. Da idona na ga ƙuda ya sauka a kan bonet, ya zame, ya karye a ƙafa. Madubi ya ce ƙarya nake. Na ce ya je asibitin ƙudaje ya tambaya.

Rumfarsa tana bayan gareji: kwano huɗu a sama, bokiti biyu, inji mai nauyin ɗan maraƙi, sai igiyar shanya. A kan igiyar nan ransa yake. Soso shida gare shi, kowanne faɗin murfin tukunya, waɗanda ake maƙala wa injin. Na ulu shi ke cin karce mai zurfi. Mai tauri ya bi bayansa. Baƙi mai laushi shi ne na ƙarshe, mai fito da sheƙi. Ba ya haɗa aikin wannan da na wancan. In ya gama ƙofa ɗaya sai ya kashe inji, ya bi soson da burushi ya kakkaɓe busasshen man goge. Kafin ya tashi aiki ya wanke su da ruwan ɗumi, yana matsawa da babban yatsa daga tsakiya zuwa baki, ba murɗewa, sannan ya shanya su a jere.

Matarsa, Maman Yara, ta taɓa ce min, “Da soso aka yi ni, da na ji daɗin duniya. Shekara goma sha takwas ko ruwan ɗumi bai taɓa dafa min ba.”

Ya ce, “Ke kin taɓa fito min da sheƙi?”

Ta jefe shi da ludayi.

Dokarsa ɗaya ce: soson da ya taɓa ƙasa ba ya taɓa mota sai an wanke shi. Ya ce ƙwayar yashi ɗaya, in inji ya juya ta, ta fi wuƙa. Kafin ya maƙala kowane soso sai ya ɗaga shi ga haske ya duba shi kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa.

A shekarar da nake ba da labari ya fara tuntuɓe da bokitinsa. Mutum ya tsaya a gefensa, sai ya yi magana zai san da shi. Na ce, “Tsoho, in sayo maka sanda?” Ya yi dariya. Ni ma na yi. Ashe ba abin dariya ba ne.

Akwai wani tsohon hedimasta mai baƙar mota, shekara goma sha huɗu ba wanda ke taɓa fentinta sai Madubi. Baƙar mota kuwa ba ta rufa wa kowa asiri, ko numfashi ka yi a kanta sai ta nuna. Ranar da ya kawo ta ina rumfar, ba ni da aiki sai surutu. Madubi ya gama da na ulu, ya gama da mai tauri, ya zagaya alwala. Ni kuwa na ga makanikai zaune, bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ciro baƙin soson na ɗora a ka kamar hula, ina kwaikwayon tafiyarsa, ina tuntuɓe da bokiti. Suka fashe da dariya. Soson ya faɗo ƙasa.

Na ɗauka, na hure, na buga shi a gwiwa sau biyu, na mayar kan igiya. Wa ya gani? Duk sun gani, amma ba mai faɗa.

Ya dawo, ya ɗaga soson ga haske kamar kullum, ya maƙala, ya ɗiga mai, ya tada inji. A inuwar rumfa komai lafiya. Da aka turo motar cikin rana sai ga bonet ya cika da zane zagaye-zagaye, kamar gizo-gizo ya kwana yana saƙa. Fentin dama ya sha guga shekara da shekaru, ya yi siriri, babu sauran abin da za a ci a gyara. Sai dai sabon feshi.

Da Hedimasta ya yi faɗa, da da sauƙi. Bai yi ba. Ya dubi bonet, ya dubi Madubi da ke shafa wurin da yatsa don ya ji abin da kowa ke gani, ya ce a hankali, “Ɗana, lafiyar idonka kuwa?”

Washegari Maman Yara ta raka shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar, abin da ya tafi ba ya dawowa. Madubi ya naɗe wayar injinsa, ya tura shi ƙarƙashin gado. Bai sake kunna shi ba.

Wata bakwai ina kauce wa gidan Gwaggo, inda yake zaune, kamar mai laifin kisa. Rediyon da ba shi da wurin kashewa ya mutu da kansa. Kullum ina cewa a raina, da ban taɓa soson nan ba, da yana nan a rumfarsa.

Ranar da na daure na shiga, na same shi a tsakar gida da bokiti a gabansa, yana wanke soso shidan nan da ba su ga mota ba tun ranar. Na durƙusa na ce, “Ɗan Gwaggo, ni na yar da baƙin soson. Na hure na mayar.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Na sani.”

“Wa ya faɗa maka?”

“Yatsana. Da na zo wanke shi na ji ƙwayar. Kuma duk garejin wa ke da hannun biri in ba kai ba?”

Na ce, “To ka zage ni mana. Ka buga min bokitin.”

Ya ce, “Rediyo, sau nawa ka yar min da soso a shekara ashirin?”

Na fara ƙirgawa da yatsu, ya riga ni.

“Sau huɗu. Uku na gani kafin in maƙala, na wanke, ban ce maka komai ba. Yarwa taka ce. Rashin gani nawa ne. Gara da aka yi a motar mai haƙuri.”

Na yi kukan da ya kusa cika masa bokiti na biyu. Wannan kam ba ƙari a ciki.

Yanzu ganinsa saura kamar mai leƙe ta bututu. Duk ranar da ban fita aiki ba nakan tura tsohon babur ɗina har tsakar gidan. Ya zauna a kan benci, ya shafa baƙin soson da yatsunsa daga tsakiya zuwa baki, ya ɗiga mai, ya goge tankin da hannu, a hankali, ba inji. In ya gama sai ya ja baya ya ce, “Duba min. Kana ganin fuskarka?”

In ce, “Ina gani.”

“Har da munin?”

“Har da shi.”

Sai ya ce, “To aiki ya yi,” ya miƙa hannu yana laluben bokiti.