Ƙofar Garke da Amfilin Baba Arzika

Tun ina yaro zama wuri ɗaya yake ba ni wahala. A gidan kakarmu da ke wani ƙauye kusa da Guéchémé, idan an gama tuwon dare bayan girbi, mukan kewaye wutar karan gero, kowa ya natsu, ni kuwa ina tsokanar garwashi da tsinke, ina tashi ina zama. Kaka takan dube ni ta ce, "Kai wanga yaro, ko tururuwa ag ga wandonka? Zamna in ba ka wata, in ta shige ka ta shige ka." Akwai tatsuniyar da takan maimaita, wadda ta fi kowace ba ni haushi.

Wani mutum ne kura ta dama, sai ya sa aka saƙa wa garkensa ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya. Akuya ta tura daga waje ta shiga, amma daga ciki ko ta yi ta tunkuyi ba ta fita. Wata rana igiyar ƙofar ta tsinke, aka sake ɗaure ta a juye. Awaki suka riƙa fita cikin duhu, komawa ta gagara, kura tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya bugi karensa, ya zargi maƙwabci, ya kira 'yan bori suka ce doguwa ce, ya yanka baƙar akuya daga cikin 'yan da suka rage. Sai da garke ya koma tsohuwar akuya guda, ita ce ta ce masa ya duƙa ya dubi ƙofa.

A nan Kaka take tsayawa. Ni kuwa sai in miƙe tsaye: to wa ya ɗaure ta a juye? Takan gyara itace ta ce, "Bar shi, kunyar da yaj ji ta ishe shi." Da wannan haushin nake kwana.

Yanzu gyaran rediyo da kayan sauti nake yi a Dogon Dutsi. A bara Baba Arzika, wanda da hayar lasifika a biki da suna yake ci da gidansa, ya kawo mini amfilin da ya gada, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, tsoho mai fitilun kwalba. Kafin ya sauke shi daga kan babur na ji ƙaurin transifo, wato dunƙulen wayar da ke ɗaga ƙarfin wuta. Gabana ya faɗi, don idan wannan ya ƙone babu irinsa ko a Yamai, sana'ar tsohon kuma ta ƙare ke nan.

"Baba, wa yat taɓa shi?"

"Babu kowa. Bakin mutane na, ɗana. Tun da sabbin masu kiɗan nan sunka zo gari ban ga daidai ba."

Na zare fis, sai ga shi naɗe da takardar azurfa ta kwalin taba. Abin da ya kamata ya tsinke ya ceci sauran, an hana shi tsinkewa. Hannuna yana ƙaiƙayi in kunna in gani, amma na san kunnawa ɗaya za ta iya zama ta ƙarshe. Na sauke wutar da kondansa ke riƙewa ko bayan an kashe, na jona kwan lantarki a kan hanyar shigar wuta don ya sha duka a madadin transifo. Da na kunna, kwan ya haska fal, alamar wuta tana zubewa wani wuri. Mita ta nuna kusan babu komai a bakin kondansa, inda ya kamata a ga volt ɗari uku da wani abu. Baba Arzika yana ta kai da komo a bakin shago, ni ma na kasa zama.

Na cire wayoyin transifo na auna su su kaɗai, kowane gefe lafiya lau. Sai na bi hanya zuwa wurin kwalbar da ke miƙar da wuta ta bi gefe ɗaya. Kwalbar ba ta nan. An maye gurbinta da diyod biyu, da ɗanyar walda kamar kashin kaza, ɗaya kuma farin zoben da ke nuna gabansa yana kallon baya. Wuta tana shiga ta ɗaya ta fice ta ɗayan, transifo yana ta dafa kansa. Na yi dariya ni kaɗai, don muryar Kaka na ji a kunnena.

Na sa sababbi daidai, da fis na gaskiya. Kwan ya haska ya dushe, mita ta hau inda ake so, kwalabe suka yi ja a hankali. Na ɗora tafin hannu a kan transifo na daɗe, bai wuce ɗumi ba.

Baba Arzika ya ɗauki tsohon diyod daga tebur yana juya shi a yatsunsa. Bai dube ni ba ya ce, "Wanga hwarin zobe, ina ya kamata shi duba?"

Duk shekarun nan ina neman mai laifi a tatsuniyar Kaka tsakanin maƙwabci da sauran mutanen gari, ban taɓa kawo mai garken a raina ba, mutumin da ya ga ƙofarsa ta lalace ya gyara iyakar saninsa. Tausayin tsohon ya kama ni. Na nuna masa da bakin sukurdireba, na ce, "Nan, Baba." Ban ƙara tambayarsa komai ba.