Rabi Mai Kananzir da Manjan Maƙwabta

Duk Danja an san Rabi Mai Kananzir da faɗa, amma ba haka aka haife ta ba. Tun tana amarya take auna kananzir a zauren gida, ta san kayanta kamar yunwar cikinta. In dillali ya kawo jarka, sai ta ɗiga kaɗan a kasko ta ƙyasta ashana. Na gaskiya ba ya gaggawar kamawa. In ya tashi bal, an gauraya shi da fetur ke nan, dillali ya kwashi jarkarsa har da guzurin zagi.

A kwalaben lemo take aunawa, kamar kowa. Wata ranar kasuwa Rabi ta fita, jikarta Maijidda, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta ga kwalba ta kafa kai. Kafin Rabi ta dawo, maƙwabciyarta Ladidi ta danne yarinyar, ta ɗura mata manja, ta zura mata yatsa a maƙogwaro har ta yi amai. Wai haka aka gada! Abin haushi, cikin masu riƙe mata ƙafafu babu wadda ta taɓa tambayar dalili.

Rabi ta hau acaba da ita zuwa asibiti a Funtua, yarinya na tari, numfashi na fita da ƙyar. Ma'aikaciyar jinya ta ji labarin, ta dafe kai.

"Mama, da an bar shi a ciki da sauƙi," in ji ta. "Kananzir ba shi da kauri, ga santsi. Aman nan ne ya kai shi huhu."

Maijidda ba ta ga Juma'a ba. Rabi ta tsani kanta saboda kwalbar, ta rasa inda za ta sa ranta.

A zaman makoki Ladidi ta buga tagumi ta ce, "Sai haƙuri, Yaya Rabi. Da manjan ya isa, da wataƙila ta tashi."

Rabi ta miƙe. "Manjanki da yatsanki su suka ƙarasa ta! Kada wadda ta sake sa yaro amai in ya sha kananzir, ku kai shi asibiti!"

Mata suka rufu a kanta, wai baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ladidi suka raka har zaure suna lallashi. Rabi na ji da kunnenta, wata mai goyo ta rage murya ta ce, "Inna Ladidi, to ludayi nawa ya kamata a ba yaro?"