Yadda Jiniyar Masaƙa Ta Ba Ni Keken Baba

Mun ci! Ɗaya mai ban haushi, amma dai mun ci, kuma keken Baba ya zama nawa. Har yau in na tuna Asabar ɗin nan sai in ji kamar in tashi in taka rawa.

A shekarun tamanin ne, muna zaune a unguwar Television, ina kwaleji. Makarantarmu tana da ƙungiyar hoki, ƙwallon gora ke nan, ni kuwa ba na bugawa, nawa ihu ne da dukan gwangwanin madara a bakin fili. Wallahi yaran nan sun wahalar da ni. Dukkansu 'yan ƙwallon ƙafa ne da ba su samu shiga babbar ƙungiya ba, aka miƙa musu sanda. Ƙwallo na zuwa sai ƙafa ta riga sanda, alƙalin wasa ya busa usur. Duk makarantar da ta zo sai ta lallasa mu ta tafi.

Yayana kuma yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Wani injiniya ɗan Japan ya koya wa ma'aikata wasan ƙasarsu, wai shi besbol. A jefo maka ƙwallo, ka maka mata kulki, ka zagaya fili a guje kafin a dawo da ita. Sashen su Yaya ba su taɓa cin kowa ba, ko sashen masu rini da duk tsofaffi ne.

Kullum kan tuwo sai mun yi.

"Ɗan makaranta, nawa aka zuba muku yau?"

"Yaya, mu aƙalla mun san inda raga take. Ku ko ragar ma ba ku da ita, sai zagaye kamar kaza ta ga wuƙa."

"Mu wasan manya muke yi."

"Wasan manya? Ba kai ka ruga da kulkin a hannu ba, kamar ka biyo ɓarawo?"

Mama ta ce mu rufa mata asiri mu ci abinci. A lokacin Baba ya sayi babur, kekensa na jingine a zaure, ni ina so, Yaya yana so. Da surutunmu ya ishe shi sai ya ce, "To, duk wanda ƙungiyarsa ta riga cin wasa, keke nasa ne. Kada wanda ya ƙara yi mini magana." Ina jin ya ɗauka keken zai mutu a zauren ne. Ya kusa gaskiya, don har tayoyin suka sace, ni kuwa ina ta dakawa a ƙafa zuwa makaranta.

Ran nan wasanni biyu suka faɗo Asabar ɗaya, na su Yaya da rana, namu da yamma. Na ɗauki gwangwanina na tafi Kakuri, niyyata in sha dariya kafin in je a yi mana namu dukan. Ina isa na tarar da abin da ban taɓa gani ba: su Yaya ne a gaba! Masu rini sun rikice, ɗan Japan sai tsalle yake yana tafi. Yaya ya hango ni, ya kama iska da hannu biyu kamar yana tuƙa keke, har da kaɗa ƙararrawa. Na ce a raina shi ke nan, bobo, tafiyar ƙafa ta same ka har ka gama makaranta.

Saura kaɗan a tashi sai jiniyar masaƙa ta ɗau kuka, canjin aiki ya yi. Ku da ba ku zauna a Kakuri ba, ba ku san jiniyar nan ba. In ta yi kuka, ko loma ce a bakinka sai ka ajiye, don ana rufe ƙofa an rufe ke nan. Ashe rabin 'yan wasan su Yaya aikin yamma gare su. Wanda ke tsakiyar gudu bai ma tsaya ba, ya miƙe sambal sai ƙofar masaƙa. Mai riƙe da kulki ya jefar ya bi shi. Ɗan Japan yana ta kira, ina! Masu rini kuwa duk aikin safe suka yi, suna nan cif. Aka ba su wasa.

Ban tsaya yi wa Yaya jaje ba, na zuba a guje sai filinmu. Damina ce, ciyawa ta yi tsawo, baƙinmu kuma 'yan tsallaken kogi ne da suka saba da fili sumul. Ƙwallo sai ta shige ciyawa ta yi lamo, su tsaya nema, namu da suka san kowane rami su zaƙulo ta. Can wajen ƙarshe wani dogon ɗan ajinmu ya dage ya maka mata sanda a gaban raga, da sanda fa, ba da ƙafa ba! Ta daki wani tudun tururuwa, ta yi tsalle ta wuce kan mai tsaron gida, sai cikin raga, a haka aka tashi. Na daki gwangwani har ya lotse.

A gida Yaya ya so ya kawo shari'a, wai ai su ne a gaba.

Baba ya ce, "An ba ku wasan?"

"A'a, Baba, amma jiniya ce..."

"To, je ka karɓi keke wajen jiniya."

Washegari da hannunsa ya yi mini famfon tayoyin, yana yi yana roƙona kada in kai maganar waje, wai abokansa za su sa shi gaba. Na ce masa ba komai, Yaya, ni da kai ne.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya miƙa wa na kusa da shi, musamman in ɗan Kakuri ne.