Man Famfon Kurawa

A shekarar da gero ya bushe tun bai fid da kai ba, ina akawu a wani ofishin aikin gona a Sabon Birni. Aka kawo mana ƙaramar kwamfuta wadda ake jona wa talabijin. Wani injiniya ya koya mini ba ta umarni da harshenta, wanda ake kira asembili, ya tafi abinsa.

Na'urar ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kuma lambar harafi a rubutu daban take da lambarsa a fuskar talabijin: harafin A sittin da biyar ne a rubutu, a talabijin kuwa ɗaya. Kana iya juya su da fensir a takarda. Ko ka rubuta makaro, wato gajeren umarni mai cire sittin da huɗu daga kowane harafi da kansa.

Manajanmu ya ce baƙi za su zo daga Sakkwato, yana son su ga BARKA DA ZUWA a talabijin. Da fensir, kafin la'asar an gama. Ni ko na nace sai makaro, don a ce na iya.

Ba mu da wuta sai ta janareta, mansa kuwa daga kason injin famfon ƙauyen Kurawa ake ɗiba, inda ake shayar da dabbobi. Na sani sarai.

Makaron ya juya haruffa daidai, amma duk inda aka bar fili tsakanin kalmomi sai wani tabo ya fito. Na kwashe kwanaki ina kunnawa ina kashewa.

Wani dattijo makiyayi ya zo har ofis, ya tsaya bakin taga.

"Malam akawu, famfo ya yi shiru. Saniya guda ta rage min, ita ma ta kwanta. Mi kuke dafawa da man nan?"

"Yau za ni gama, Baffa."

Ya leƙa talabijin. "Wanga kashin awaki? Da ka zo ruga ai na ba ka kyauta."

Sai daga baya na gane fili ma lamba ne, kuma shi ba a cire masa komai. Layi guda kawai na ƙara wa makaron, tabon ya ɓace.

Baƙi suka zo, suka ɗan dubi rubutun, babbansu ya ce a kashe janareta, ƙara ta dame shi.

Ran da muka kai ragowar man Kurawa, fatar saniyar na shanye a kan ƙaya, ƙudaje sun rufe ta. Dattijon ya taya mu sauke jarka, bai dube ni ba. Har yau in na ga rubutu na haske a talabijin, warin fatar nan nake ji a maƙogwaro.