Ranar da Yaya Sale ya gyara darasinsa

Bana shekara talatin da biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, malamin kimiyya a wata sakandare a Birnin Kudu. Allah ya jiƙansa. Ni Hausa nake koyarwa a makarantar, ajina jikin nasa, shi ya sa yawancin darasinsa ta taga na ji.

Zamanin kuɗin mai ne. Abokan karatunsa duk sun tafi Kano da Legas, shi ya zauna da allinsa. Wata muhawarar masana ce ta ɗauke masa hankali: ƙwayoyin haske biyu da suka fito daga tushe guda, komai nisan da aka raba su, abin da aka auna a jikin ɗaya sai ya dace da na ɗayar. Wasu suka ce tun wurin rabuwa kowace ta tafi da amsarta. Wasu suka ce a'a, babu amsa sai an auna. Yaya yana goyon bayan na farko. Goro biyu yake ƙunshewa a ganye, fari da ja, ya ce wa ɗalibai: "A kai ɗaya Fagam, ɗaya Kangire. In na Kangire ja ne, ai na Fagam fari ne. Ina abin mamaki?" Har alkawari ya yi musu cewa gwaji zai gaskata shi.

Sai wata mujalla ta iso daga Kano. An yi gwajin, an yi ta sauya yadda ake aunawa, dacewar ta wuce abin da za a samu in da kowace ta tafi da amsarta tun farko. Kwana uku Yaya yana bin lissafin, ya ga ra'ayinsa ya faɗi, ya ce zai gaya wa ɗalibai.

Na ce, "Yaya, ka yi shiru mana. Ba ya cikin jarrabawa, kuma yara za su raina ka."

Ya ce, "In na yi shiru, ƙarya za su kai gida da sunana."

Washegari na ji shi ta taga: "Abin da na koya muku ba haka yake ba. Ku buɗe littafi mu gyara." Babu wanda ya yi dariya.

Yau an maimaita gwajin nan sau da yawa, sakamakon bai sauya ba, ko da yake har yanzu ana jayayya kan ma'anarsa. Na san da yana raye da murna zai yi, ya nemi sabuwar tambaya.

Bai bar gida na a zo a gani ba. Amma Hajiya Rabi, ɗalibarsa 'yar Gwaram, tana koyar da kimiyya a jami'a. Ta gaya mini in ɗalibi ya ƙure ta, cewa take, "Ban sani ba, zo mu bincika," kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗa ba.